Tambayoyi da amsoshi kan harhaɗa Mosh daga tushe: Linux, Mac, Windows da waya

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin ɗalibai masu karatun kwamfuta a nan Maradi, da kuma masu kula da sarba ta wani shago ko wata ma'aikata daga nesa. An fara da masu sauƙi. Wanda ya riga ya harhaɗa amma haɗin ya ƙi, ya tsallake zuwa tambaya ta 14.

1. Mene ne Mosh, kuma me ya raba shi da SSH?

Mosh manhaja ce ta shiga taminal na wata kwamfuta daga nesa. Keith Winstein da abokan aikinsa suka fitar da ita a 2012 daga jami'ar MIT ta Amurka, an rubuta ta da C++, kuma lasisinta GPL na 3 ne. Kashi uku ce: `mosh`, wanda ɗan rubutun Perl ne mai tada haɗi, sai `mosh-client` a kwamfutarka, da `mosh-server` a can kan sarba.

SSH, hanyar da aka saba shiga sarba da ita daga nesa, yana tafiya ta TCP, haɗinsa kuma a ɗaure yake da adireshin IP na ɓangarorin biyu. Da zarar ka sauya daga sim ɗin Airtel zuwa na Zamani ko Moov, ko rezo ya ɓace maka a hanyar Ɗan Isa ya dawo da sabon adireshi, haɗin ya mutu. Mosh yana amfani da SSH sau ɗaya tak, don tantance ka da karɓar mabuɗi, daga nan ya koma UDP. Sarba tana amsa duk saƙon da ya zo da mabuɗin gaskiya, ko daga wane adireshi ya fito, ta mayar da amsa can. Ka rufe kwamfuta a gida, ka buɗe a makaranta, aikinka yana nan inda ka bar shi.

Abu na biyu shi ne hasashe. Idan sarba tana Faransa rezo kuma yana jan ƙafa, Mosh yana nuna harafin da ka danna nan take, da layi a ƙarƙashinsa, har sarba ta tabbatar. Wanda ya taɓa gyara fayil ta SSH yana jiran kowane harafi ya je Turai ya dawo, ya san darajar wannan.

2. Dole ne sai na harhaɗa da kaina, wato in mayar da kod ɗin Mosh manhaja mai aiki?

A'a, kuma mafi yawan masu wannan tambaya ba su da buƙata. Debian 12 da Ubuntu 24.04 suna da Mosh 1.4.0 a shirye, `sudo apt install mosh` ya gama magana. Sayen gari ya fi daka sauƙi, sai fa in garin da ke kasuwa bai yi maka ba.

Dalilan da suka isa a ce an harhaɗa kaɗan ne. Tsarinka tsoho ne, kamar Ubuntu 22.04 ko Debian 11 masu ɗauke da 1.3.2 ta 2017, kai kuma kana son cikakkun launuka da aka ƙara a 1.4.0 ta Oktoban 2022. Ko ba ka da ikon `root` a sarba (duba tambaya ta 10). Ko kana son wani gyara da ke cikin git wanda ba a fitar ba tukuna. Ko kuma koyo kake yi, wanda a ganina shi ne dalili mafi kyau, don Mosh ƙarami ne, ba ya cin yini, amma yana ratsa duk matakan da manyan manhajoji ke bi.

3. In sauke fayil ɗin `.tar.gz` ko in ɗauko daga git?

In ba wani gyara na musamman kake nema ba, ɗauki `mosh-1.4.0.tar.gz`. Bai kai megabayit ɗaya ba, kuma `configure` yana ciki a shirye. Na git, wato `git clone https://github.com/mobile-shell/mosh`, ba ya zuwa da `configure`. Sai ka tada `./autogen.sh` ya ƙera shi, wannan kuwa yana buƙatar autoconf da automake. Hattara da madannin saukar ZIP na GitHub: abin da yake ba ka daidai yake da na git, ba fayil ɗin da aka shirya don fitarwa ba.

4. Waɗanne kaya ake buƙata kafin a fara?

Kompaila na C++ (shi ke mayar da kod manhaja), `make`, `pkg-config`, Perl, sai laburare huɗu: Protocol Buffers na Google, ncurses, zlib, da OpenSSL ko Nettle don ɓoye saƙo. Akwai na biyar, utempter, wanda ba dole ba ne. Aikinsa sa sunanka ya bayyana idan an buga `who` a sarba.

Inda sababbi ke faɗuwa shi ne nan: samun laburare a kwamfuta bai wadatar ba. Kowane yana da ƙunshi biyu, ɗaya na tafiyar da manhaja, ɗaya mai fayilolin `.h` da kompaila ke karantawa. Na biyun ne ake so, sunansa yana ƙarewa da `-dev` a dangin Debian, `-devel` a dangin Fedora. Shi kuwa Protocol Buffers har kashi na uku gare shi, `protoc`, wanda ke mayar da fayilolin `.proto` na Mosh zuwa kod na C++. Ka riƙe sunan nan, kusan duk wahalar harhaɗa Mosh daga gare shi take fitowa.

5. Yaya ake yi a Debian, Ubuntu ko Mint?

Fara da kayan:

`sudo apt install build-essential pkg-config protobuf-compiler libprotobuf-dev libncurses-dev zlib1g-dev libssl-dev libutempter-dev`

In na git ka ɗauko, ƙara `autoconf automake`. Daga nan `tar xf mosh-1.4.0.tar.gz`, `cd mosh-1.4.0`, `./configure`, `make`, sai `sudo make install`. Umarnin ƙarshe kaɗai ke son `sudo`. Masu sa shi tun daga `configure` suna barin fayiloli mallakar `root` a cikin foldarsu, gobe su rasa yadda za su share.

Komai zai sauka a `/usr/local/bin`. Gwada `mosh --version`. In ya nuna tsohuwar lamba, akwai ta `apt` a `/usr/bin`, ko kuma taminal ɗin bai manta tsohuwar hanya ba. `hash -r` ko buɗe sabon taminal yana warware na biyun. Wanda ya buɗe layukan `deb-src` yana iya cewa `sudo apt build-dep mosh` ya huta da haddace sunaye.

6. A Fedora, Rocky ko AlmaLinux fa?

Matakan ɗaya ne da na tambaya ta 5, sunayen kaya ne suka bambanta: `gcc-c++ make protobuf-compiler protobuf-devel ncurses-devel zlib-devel openssl-devel libutempter-devel`. A Rocky da Alma, `dnf` zai ce bai san `protobuf-devel` ba har sai ka buɗe ma'ajiyar da ake kira `crb` a fitowa ta 9, `powertools` a ta 8. In dai ƙunshi a shirye kake so, Mosh yana cikin ma'ajiyar ƙarin kaya ta EPEL.

CentOS 7 ya daina samun gyara tun 30 ga Yunin 2024. In sarbarka har yanzu a kansa take, matsalarka ta girmi Mosh.

7. Data ta yi tsada. Za mu iya sauke kayan sau ɗaya mu raba?

Ƙwarai. Mosh kansa ba ya cin komai, kompaila da laburare ne masu nauyi. Mutum ɗaya ya yi `sudo apt install --download-only` da jerin kayan tambaya ta 5 a inda rezo ke da ƙarfi. Fayilolin `.deb` za su taru a `/var/cache/apt/archives`. A kwafe su a kile, a kowace kwamfuta a shiga foldar a buga `sudo apt install ./*.deb`.

Sharaɗi shi ne tsarin ya zama iri ɗaya, fitowa ɗaya, injin ma iri ɗaya. Na Ubuntu 22.04 ba ya shiga 24.04, na `amd64` ba ya shiga Raspberry Pi. Kuma `apt` abin da babu a kwamfutar farko kaɗai yake saukewa, don haka a yi saukar a kan wadda aka girka sabuwa, kada a yi a ta wanda ya shekara yana tara kaya.

8. `configure` ya tsaya. Ina zan duba?

Layin ƙarshe yakan faɗi abin da ya rasa. In bai fito fili ba, buɗe `config.log` ka nemi kuskuren daga ƙasa zuwa sama. `cannot find protoc` yana nufin babu `protobuf-compiler`. In ya ce bai ga protobuf ko ncurses ba alhali ka san ka sa, buga `pkg-config --modversion protobuf`. In wannan ma bai gani ba, ƙunshin `-dev` ne babu.

Akwai ɗaya da ke yawan kama masu kwamfutar hannu ta gwanjo: `newly created file is older than distributed files! Check your system clock`. Ƙaramin batirin nan na cikin allon kwamfuta ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke kuran babban batir ya ƙare, agogo sai ya koma shekarun baya. `configure` yana ganin fayil ɗin da ya ƙirƙira yanzu ya girmi waɗanda aka rubuta a 2022, sai ya ƙi ci gaba. Duba `date`, gyara da `sudo timedatectl set-ntp true`. Agogon nan ne kuma ke sa `git clone` da `apt` su riƙa kukan takardar shaida ba ta da inganci. Batirin galibi CR2032 ne, masu gyaran kwamfuta da masu agogo duk suna da shi.

9. `make` ya zubo ɗaruruwan kurakurai, ko'ina `absl`. Me na ɓata?

Ba ka ɓata komai ba. Tun daga fitowa ta 22, a 2023, Protocol Buffers ya dogara da wani laburare na Google mai suna Abseil, su biyun kuma suna son sabon salon C++. Mosh 1.4.0 ya riga wannan sauyi fitowa, yana gaya wa kompaila ya bi salon 2011. Shi ya sa kompaila ke tuntuɓe a fayilolin da ba ma na Mosh ba. Magani:

`./configure CXXFLAGS="-O2 -std=c++17"`

sannan `make clean` da `make`. Kod ɗin da ke git an riga an mayar da shi C++17, don haka ɗauko na can ma hanya ce. Masu Debian 12 da Ubuntu 24.04 ba sa gamuwa da wannan, don protobuf ɗinsu 3.21 ne; masu Arch da Homebrew (mai sa manhajoji a Mac) su ne ke sha.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne wanda ke cewa an ƙera fayil da `protoc` da bai dace da fayilolin `.h` ba. Ma'anarsa protobuf biyu gare ka, galibi ɗaya na tsarin, ɗaya kuma da ka taɓa sawa a `/usr/local` ko ya shigo tare da Anaconda. Kwatanta `protoc --version` da abin da `pkg-config` ya faɗa, duba `which protoc`, kawar da baƙon daga `PATH` (jerin foldojin da ake neman umarni a ciki), ka yi `make distclean` ka soma daga `configure`. A kowane hali, kuskuren farko ake karantawa. Sauran ɗarin ƴaƴansa ne. `make 2>&1 | grep -m1 error` zai ciro maka shi.

10. Ba ni da `root` a sarba. Shi ke nan?

In kompaila da kayan `-dev` suna nan, `./configure --prefix=$HOME/.local --disable-client`, `make`, `make install`, babu `sudo` ko ɗaya. `mosh-server` ba ya buƙatar wani iko na musamman, da sunanka yake tafiya. Wajen shiga sai ka nuna masa hanya kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 14.

In kayan babu, sai ka fara harhaɗa protobuf a foldarka, ka sa `PKG_CONFIG_PATH` ya nuna can. Aiki ne mai tsawo. Kafin ka shiga, tambayi mai sarbar ko ƙofofin UDP a buɗe suke (tambaya ta 15), don in a rufe suke, ka yi wahalar banza. Sau da yawa roƙonsa ya sa maka ƙunshin ya fi sauri.

11. `make` ya mutu da `Killed`, ko ya ambaci `cc1plus`.

RAM ce ta ƙare, Linux ya kashe kompaila don ya ceci kansa. Yana faruwa a ƙananan sarba na haya masu megabayit 512. Bar `-j4` ka yi `make` zalla. In bai isa ba, ara daga faifai: `sudo fallocate -l 1G /swapfile`, `sudo chmod 600 /swapfile`, `sudo mkswap /swapfile`, `sudo swapon /swapfile`. In kuma kuran ne ya katse ka a tsakiya, sake buga `make` kawai, daga inda ya tsaya zai ɗora. Sai in ya yi kukan wani fayil ɗin `.o` ya lalace, nan ne za ka yi `make clean`.

12. Yaya abin yake a Mac da BSD?

A Mac, `xcode-select --install` yana kawo kompaila da `make`, saukarsa kuwa da nauyi, a nemi wifi. Sannan `brew install protobuf pkg-config`, da `automake` in na git ne. Ba ka buƙatar OpenSSL, Mosh yana ɗaukar CommonCrypto na Apple da kansa. Da yake Homebrew kullum sabon protobuf yake bayarwa, sa `-std=c++17` na tambaya ta 9 tun daga farko. A Mac masu injin M1 zuwa sama Homebrew yana zaune a `/opt/homebrew`, a na Intel kuwa `/usr/local`. Bayanan da ka tsinta a intanet na iya zama na ɗayan.

A FreeBSD, `pkg install mosh`, ko `cd /usr/ports/net/mosh` ka yi `make install clean`, wanda shi ma harhaɗawa ce daga tushe, an dai share maka hanya. A OpenBSD `pkg_add mosh`. In ka nace sai na git, `autogen.sh` ba zai tashi ba sai ka sa `AUTOCONF_VERSION` da `AUTOMAKE_VERSION`.

13. Windows gare ni, ko waya kaɗai.

Mosh ba ya harhaɗuwa kai tsaye a Windows, kuma PuTTY ba ya jin yarensa. Hanya mafi sauƙi WSL ce, wato Linux a cikin Windows: a Windows 11, ko Windows 10 daga fitowa mai lamba 2004, buɗe PowerShell da ikon shugaba ka buga `wsl --install`. Za ka sami Ubuntu a ciki, sai ka bi tambaya ta 5. Ajiye kod ɗin a foldar gida ta Linux, kada ka sa a `/mnt/c`, inda aiki ke nauyi. Kuma kada ka ɗauko shi da git na Windows: yakan sauya ƙarshen layuka, `autogen.sh` ya mutu da `bad interpreter` da wata `^M` a gefe. WSL 2 yana son a kunna VT-x ko AMD-V a BIOS, wasu na gwanjo a kashe suke zuwa. Kwamfutar da ta tsufa wa WSL sai Cygwin, wanda ke da Mosh a shirye cikin jerin ƙunshinsa.

A Android, Termux daga F-Droid, sannan `pkg install mosh`. Harhaɗawa a waya tana yiwuwa, amma da zafin watan Afrilu na Maradi ban ga dalilin gasa wayar ba. A iPhone, Blink Shell yana ɗauke da Mosh a cikinsa.

14. Na gama, amma yana cewa bai ga `mosh-server` ba.

Da farko, an sa Mosh a sarbar ma? Ɓangarorin biyu ake so. Ba sai lambarsu ta zo ɗaya ba, 1.3.2 da 1.4.0 suna fahimtar juna, sai dai cikakkun launuka na buƙatar 1.4.0 nan da can.

In yana can, `PATH` ne. Lokacin da `mosh` ya shiga ta SSH don tada sarba, ba a karanta duk fayilolin da ake karantawa idan kai ka shiga da hannu, don haka `~/.local/bin` ko `/opt/homebrew/bin` ba sa cikin hanya. Faɗa masa cikakken wuri: `mosh --server=/home/suna/.local/bin/mosh-server suna@sarba`. In SSH ɗinka ba a ƙofa ta 22 yake ba, `--ssh="ssh -p 2222"`. Kada ka yi amfani da `-p` na Mosh don wannan, shi ƙofar UDP yake nufi.

15. `Nothing received from server on UDP port 60001`.

Harhaɗawarka lafiya lau take. SSH ya wuce, sarba ta tashi, saƙon UDP ne ba ya isa. Mosh yana ɗaukar ƙofa tsakanin 60000 da 61000, ɗaya ga kowane zama. A Ubuntu: `sudo ufw allow 60000:61000/udp`. A dangin Fedora: `sudo firewall-cmd --permanent --add-service=mosh` sannan `--reload`. Sarbar haya takan sami katanga ta biyu a shafin kamfanin, ita ma sai an buɗe. Mutum ɗaya ba ya buƙatar ƙofa dubu. Buɗe goma ka ce `mosh -p 60000:60009`.

Don gane ko daga wajenka ne, gwada da datar waya. In ya shiga ta nan ya ƙi ta wifi na ofis ko na makaranta, can ne aka toshe UDP, kuma Mosh ba shi da hanyar komawa TCP.

16. Yana kukan UTF-8, ko ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suna fitowa akwati-akwati.

Mosh ba ya tashi sai da tsarin harshe na UTF-8 a ɓangarorin biyu. Kwamfutocinmu da yawa `fr_FR.UTF-8` gare su, Mosh yana aika wannan suna can, sarbar haya kuwa sau da yawa ba ta san shi ba. Buga `locale -a` a sarba ka ga abin da take da shi. Ƙara wanda ya ɓace da `sudo dpkg-reconfigure locales`, ko ka shiga da `LC_ALL=C.UTF-8 mosh suna@sarba`. Akwai ma `ha_NG` a jerin na Linux ga mai so.

In haɗi ya tafi amma haruffan nan masu lanƙwasa ne kaɗai ba sa fita, laifin salon rubutun taminal ɗinka ne. Sauya zuwa Noto Sans Mono.

17. Rezo ya tafi, ina son fita, madannina kuma AZERTY ne.

Mafita ta asali ita ce `Ctrl` da `^`, sannan ɗigo. An tsara ta ne da madannin Amurka a zuciya. A AZERTY, `^` na kusa da P mataccen maɓalli ne, jira yake a haɗa shi da wasali, don haka sau da yawa ba abin da ke faruwa. Sauya shi kafin ka shiga: `export MOSH_ESCAPE_KEY=$'\x14'` yana mayar da shi `Ctrl` da T, daga nan ɗigo. Sa layin a `~/.bashrc`. Kada ka zaɓi `Ctrl` da B in kana aiki da tmux (duba tambaya ta 18), nasa ne.

18. Batir ya ƙare, kwamfuta ta mutu. Zan iya komawa zaman da nake?

Ba za ka iya ba. Mosh yana jure ɓacewar rezo da barcin kwamfuta, amma mabuɗin zaman a RAM kaɗai yake, in `mosh-client` ya mutu ya tafi da shi. Saboda haka ake haɗa shi da tmux, manhajar da ke riƙe zama a sarba ko da haɗi ya yanke: `mosh suna@sarba -- tmux new -A -s aiki`. Kowane sabon shiga zai mayar da kai taga ɗaya. Tmux ɗin ne kuma zai ba ka damar komawa sama ka karanta abin da ya wuce, don Mosh allon da ake gani yanzu kaɗai yake daidaitawa.

Tsofaffin `mosh-server` suna nan suna jiran wanda ba zai dawo ba, kowane riƙe da ƙofa. `pgrep -a mosh-server` zai jera su, ka kashe waɗanda ba naka na yanzu ba. Ko ka sa `MOSH_SERVER_NETWORK_TMOUT` a sarba, da adadin daƙiƙoƙi, 604800 misali don mako guda, su riƙa mutuwa da kansu.

19. Jiya yana aiki, yau bayan sabunta tsari yana cewa babu `libprotobuf.so`.

Wannan shi ne harajin wanda ya harhaɗa da hannu. `apt` ko `brew` ba su san da Mosh ɗinka na `/usr/local` ba, sun sauya protobuf zuwa sabuwar lamba sun cire tsohuwar. `ldd /usr/local/bin/mosh-client` zai nuna wanda ya ɓace, a Mac kuwa `otool -L`. Koma foldar kod ɗin, `make distclean`, sannan `configure`, `make`, `make install` kamar da. Kada ka yi dabarar ƙulla tsohon suna da sabon fayil ta `ln -s`; yakan tashi, ya faɗi a tsakiyar aiki.

Don haka kada a share foldar bayan an gama. Ita ce kuma hanyar cirewa: `sudo make uninstall` daga cikinta. In ka riga ka share, sake warware `.tar.gz` ɗin, tada `configure` da `--prefix` ɗin da ka sa a farko, sannan `make uninstall`. In sabuntawar ta kai ka Debian 12 ko Ubuntu 24.04, cire naka ka koma na `apt` kamar yadda tambaya ta 2 ta ce.